Tsatsar alkama: suna ɗaya, dangi barkatai

A wannan mako filin zai duba wata magana da ta shafi alkama, ta kuma shafi duk wanda ke sayen iri, ko sayar da shi, ko raba shi ga talakawa da sunan gwamnati. Maganar ita ce: cutar da ke cin ganyen alkama da na sha'ir ba guda ba ce, ko da sunanta guda ne, kuma irin da ya gagare ta bana yana iya zama abincinta baɗi.

Kowa ya sani a gundumomin Madawa, Buza da Keita albasa ce ke riƙe da noman rani. Tun bayan farin shekarar 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta yi kira ga jama'a su rungumi noman rani, garake suka yawaita a fadamun Tarka da Majiya. A wannan shekara ce kuma aka soma babban aikin raya karkara na Keita da taimakon Italiya da hukumar FAO, wanda ya gina madatsun ruwa, ya farfaɗo da ƙasar da ta mutu. Alkama kuwa ba ta kama ƙafar albasa ba. Wuraren da suka yi suna da ita a Nijar su ne gandun ban ruwa na Birnin Ƙonni, wanda ruwan Majiya ke shayarwa, da garaken Abzin, da bakin Komadugu a jihar Difa. Sha'ir ma ya fi ta ƙaranci.

Amma maganar alkama ba ta taɓa mutuwa ba, domin kuwa burodi da taliya da fanke da alkaki duk daga gare ta suke, alhali mafi yawan garin da ake kwaɓawa daga waje ake shigo da shi. Ƴan kasuwa ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, sa'ad da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, kayan ƙetare suka yi tashin gwauron zabo. Ba su manta da 2022 ba, da yaƙin Rasha da Yukren ya hautsina kasuwar alkama ta duniya. Maƙwabciya Nijeriya ma ta hana shigo da alkama a 1987 don a noma ta a gida, ta janye hanin bayan ƴan shekaru. Duk sa'ad da irin haka ta faru sai a waiwayi fadamu, a nemo iri guda da aka ce ya fi, a loda shi a manyan motoci, a raba wa kowa. To, a nan haɗarin yake.

Gaskiya ne yanayin Adar yana kare alkama. Cikin sanyin hunturu ake shuka ta, daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, a girbe ta wajen Maris, lokacin da iska ke bushe ƙayau. Ƙwayar fumfunar da ke haddasa tsatsa kuwa ba ta tsira bisa ganye sai ta sami laima ta sa'o'i da dama. Shi ya sa manomin alkama a Sahel ya fi jin tsoron zafin Fabrairu da Maris, da tsuntsaye, da yankewar ruwa, fiye da cuta. Sai dai fadamar da ake ba ruwa kullum, ga shuka a cunkushe, ga jerin itatuwan dogon yaro irin waɗanda aka soma dasawa a kwarin Majiya tun 1975 suna tare mata iska, tana riƙe raɓar asuba fiye da tudu. Kuma yawan gonaki shi ke kiran cuta. Abin da ba ya damun hekta goma a warwatse yana iya zama annoba in sun zama dubu manne da juna, duka da iri guda.

Cutar da dangoginta

Tsatsar alkama kashi uku ce. Akwai tsatsar ganye, mai ƙananan ɗigo launin ƙasa-ƙasa a warwatse. Akwai tsatsa rawaya, wadda ke jeruwa layi-layi tana bin jijiyar ganye, ita ce ta fi son sanyi. Akwai kuma tsatsar kara, ja mai duhu, wadda ke yage fatar kara da ta ganye. Ta fi sauran jure zafi, ta kuma fi su ɓarna, domin in ta yi ƙarfi kara karyewa yake yi, ƙwaya ta motse. Hanyar gane ta ita ce a shafa yatsa. In gari ya biyo yatsa kamar na tsohon kwano, tsatsa ce. In ganye ya yi rawaya babu gari, sai a duba ruwa, ko taki, ko wata cutar dabam.

Fiye da shekara ɗari ke nan da wani masani na jami'ar Minesota ta Amurka, Elvin Stakman, ya gano cewa tsatsar karan da ido ke gani guda ɗaya, a gaskiya dangogi ce masu yawa, kowanne da irin alkamar da yake iya kamawa. Dabarar da ya fito da ita har yau da ita ake aiki: a shuka jerin ire-iren alkama waɗanda aka san garkuwar kowanne, a barbaɗa musu cutar da aka ɗebo daga wata gona, a ga wanda ya kamu da wanda ya tsira. A yau iri 20 ake jerawa, an kasa su kashi biyar, kowane kashi da harafinsa. Shi ya sa sunayen dangogin ke zuwa da haruffa biyar kamar lambar mota: TTKSK, TKTTF. Harafi ɗaya in ya sauya, yana iya raba mai rumbu cike da mai rumbu wayam. Kama da wane ba ta wane.

Wani masanin kuma, Harold Flor, shi ya bayyana dalili a shekarun 1940 da 1950. Garkuwar shuka kamar mai gadin kasuwa take, wanda ya san fuskar ɓarawo guda. Kowace ƙwayar gado ta garkuwa tana gane wata alama guda a jikin cutar. Da ta gane ta, sai shukar ta kashe ɗan wurin da cutar ta sauka, cutar ta rasa abinci ta mutu. Idan cutar ta sauya wannan alama, mai gadi yana tsaye ɓarawo zai wuce ta gabansa. Sauyin kuwa ba shi da wuya. Ɗigon tsatsa guda yana fitar da dubban ƙwayoyi a rana, cikin mako biyu ko ƙasa da haka sabon zubi ya fito, gona guda ta samar da abin da ba ya ƙirguwa. Cikin wannan tari ba a rasa wadda ta fito da sabuwar fuska. In gonakin da ke kewaye ire-ire ne dabam-dabam, sai ta ci karo da wani mai gadin. In kuwa iri guda ne tun daga Madawa har Keita, to ƙofa ta buɗe mata, an kuma tsare mata sauran dangogin, ita kaɗai za ta yi ta hayayyafa. Wato mai raba iri shi ke zaɓen dangin da zai yi mulki, ko ya sani ko bai sani ba.

Bayan iya karya garkuwa akwai bambancin kaifi. Dangogi biyu suna iya kama iri guda, amma ɗaya ya fi saurin fitowa da yawan ƙwayoyi. Tun wajen shekarar 2000 aka ga wasu dangogin tsatsa rawaya, waɗanda bincike ya nuna asalinsu Gabashin Afirka ne, sun bazu har Amurka da Ostareliya, suna ɓarna a wuraren da a da ake ganin sun yi wa wannan cuta zafi. Wannan ya isa ya sa mai dogaro da zafin rana kaɗai ya yi hattara.

Akwai kuma cututtukan tabo, waɗanda ba su buƙatar ganye mai rai: dafi suke zubawa su kashe ganye, sannan su ci. Su al'amarinsu a juye yake, domin shukar da ke da wata ƙwayar gado ita dafin ke kamawa, wadda ba ta da ita sai ta tsira. Cutar tabo mai ruwan ƙasa ta alkama an san mata dangogi takwas, gwargwadon dafin da kowanne ke ɗauke da shi, kuma ɗaya daga cikinsu a Aljeriya, maƙwabciyar Nijar, aka fara gano shi. Bincike ya nuna cewa mafi shaharar dafinta ma aro ta yi daga wata fumfuna dabam. Sha'ir shi ma yana da nasa: tabo mai kama da raga, da farar fumfuna mai kama da toka, kowace da dangoginta. Cututtukan tabo suna kwana cikin karan da aka bari a gona, suna kuma bin iri.

Abin da ya ci Doma

A 1998 aka ga tsatsar kara a wata gonar gwaji a Yuganda, bisa alkamar da ke ɗauke da garkuwar da ake kira Sr31. Wannan garkuwa ta yi kusan shekara 30 tana kare gonakin duniya, har wasu suka ɗauka an gama da cutar. A 1999 aka tabbatar sabon dangi ne, aka raɗa masa suna Ug99. Ya shiga Kenya a 2001, Habasha a 2003, Sudan da Yaman a 2006, Iran a 2007, aka kuma ga rassansa a Masar a 2014. A lokacin an ƙiyasta fiye da kashi 80 cikin ɗari na ire-iren alkamar duniya ba su da kariya daga gare shi. A Kenya an jingina da garkuwar Sr24, sai a 2006 wani reshensa ya karya ta. A 2007 aka ga wani da ya karya Sr36. Norman Borlaug, wanda ya sami lambar Nobel a 1970 saboda aikin alkama, ya shafe shekarunsa na ƙarshe yana faɗakar da duniya kan wannan dangi.

Labarin Habasha shi ya fi dacewa da ma'aikacin gwamnati. A 2010 tsatsa rawaya ta afka wa ire-iren Kubsa da Galema, waɗanda suka mamaye gonakin ƙasar, ta shafi ɗaruruwan dubban hekta. Aka duba aka ga wani iri mai suna Digalu ya tsaya da ƙafafunsa, ga shi kuma Ug99 ba ya kama shi. Nan da nan aka yawaita shi aka raba, manoma suka rungume shi hannu biyu, kuma babu wanda zai ce an yi wauta. A ƙarshen 2013 sai wani dangin tsatsar kara, TKTTF, wanda ba ya ma cikin zuriyar Ug99, ya bayyana a yankin Bale. Mai gadin Digalu guda ne tak, kuma bai san fuskar wannan baƙo ba. Gonaki da yawa ba a kwashi abin kirki ba. Shekara uku kacal tsakanin ranar da aka ɗauki irin nan gwarzo da ranar da ya faɗi.

Suna ma yana ruɗi. Kubsa na Habasha da PBW 343, wanda ya taɓa mamaye miliyoyin hekta a arewacin Indiya, tsatsonsu guda ne, wani layi mai suna Attila na cibiyar CIMMYT da ke Meziko, kuma dukkansu tsatsa rawaya ta karya su. A arewacin Nijeriya ma manoma sun san wani iri da ake kira Atilla Gan Atilla. Wannan ba aibu ba ne ga irin. Abin lura shi ne buhu uku masu suna uku suna iya zama ƴaƴan uba ɗaya, masu mai gadi ɗaya.

Manomin Adar ya san wannan darasi a gonar hatsi, ko da bai sa masa suna ba. Kuturtar hatsi, wadda ke mai da zangarniya ganye, tana nan kowace damina, amma ba kasafai take share gari ba, domin hatsin gargajiya iska ke yi masa barbara, kowane kai da ɗan bambancinsa. A Indiya, da aka maye gurbin na gargajiya da iri mai aure HB 3, wanda kowane kansa kwabo da kwabo ne da ɗan'uwansa, cutar ta kayar da shi a shekarun 1970. Aka kawo BJ 104, shi ma ta kayar da shi a shekarun 1980. Gwaje-gwaje sun nuna kuturtar Afirka ta Yamma ta bambanta da ta Indiya, kuma sau da yawa ta fi ta kaifi. Saboda haka irin da aka yaba a wata ƙasa sai an gwada shi a gida, aikin da ake da cibiyoyi irin su INRAN da ICRISAT ta Sadore dominsa.

Iska da buhu

Hanya biyu cuta ke bi. Tsatsa ba ta bin iri; iska ke ɗaukarta, tana iya kai ta nisan dubban kilomita, kuma ba ta tsayawa a tashar duwan. Iskar hunturu kuwa daga arewa maso gabas take busowa, daidai lokacin da alkama ke gona. Har a tufafin matafiyi ƙwayar tana maƙalewa, kuma ana kyautata zaton ta haka tsatsa rawaya ta shiga Ostareliya a 1979. Cututtukan tabo, da burtuntuna, da wata mai ƙone zangarniya ta bar ta fari fat babu ƙwaya, su kam cikin buhu suke tafiya. Ita mai ƙone zangarniya a Burazil aka fara ganinta a 1985, ta zauna a Kudancin Amurka shekara 30. A 2016 ta bayyana a Bangaladash ta shafi kimanin hekta 15,000, a 2018 aka gan ta a Zambiya. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna daga Kudancin Amurka ta fito, kuma zato mafi ƙarfi shi ne cinikin hatsi ya tsallakar da ita teku.

Ba kowace garkuwa ke karyewa da wuri ba. Akwai wadda ba ta hana cuta shiga gaba ɗaya, sai dai ta rage mata gudu. In an haɗa irin waɗannan ƙwayoyin gado huɗu ko biyar cikin iri guda, cutar tana bayyana kaɗan amma ba ta hana girbi, kuma sauyin fuska guda ba ya isarta. Akwai kuma abin da ke ɓoye cikin irin gargajiya. Garkuwar da ake kira mlo, wadda ta kare sha'ir na Turai daga farar fumfuna fiye da shekara 40, babban tushenta shi ne sha'ir na manoman Habasha da aka tattara a shekarun 1930. A tsohuwar Jamus ta Gabas kuma, a shekarun 1980, an riƙa cuɗa ire-iren sha'ir uku ko huɗu a gona guda, cutar ta ragu, kuɗin magani ya ragu. Ashe ɗan irin alkamar da dattijo ke ɓoyewa cikin gora shekara da shekaru ba abin rainawa ba ne.

Abin da ya rataya ga kowa

Ga ɗan kasuwa, alkamar niƙa dabam, ta shuka dabam. Wadda aka shigo da ita don a niƙa ba a san iyayenta ba, ba a san abin da ke jikinta ba. Wanda ya auna ta da tiya ya sayar wa manomi a matsayin iri ya ci ribar yini guda, amma yana iya sayar wa garinsu cutar da ba ta fita. Mai sarin iri ya nemi takardar shaida, da sunan irin, da inda aka noma shi. Mai sayar da magani ya san cewa maganin ƙwari ba ya kashe fumfuna, kuma yawan fesa magani guda yana haifar da dangin da ba ya jin sa, kamar yadda aka gani a Turai a farkon shekarun 2000 game da wata cutar tabon ganyen alkama. Mai ba da bashin noman rani shi ma dukiyarsa tana cikin gonar, domin in fadama ta faɗi rana ɗaya, masu bashi duka rana ɗaya za su kasa biya.

Ga ma'aikaci kuwa, bai kamata a auna nasarar rabon iri da yawan ton da aka sauke kaɗai ba. A tambayi iri nawa ne, kuma ko iyayensu ɗaya. A isar da shi kafin tsakiyar Nuwamba, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma shukar da ta makara ita zafi da tsatsa ke tararwa. A ƙarfafa wa ƙungiyoyin gama-kai su shuka iri biyu ko uku a fadama guda, su riƙa juya alkama da albasa ko wake, su tuge gyauron alkamar da ke tsira bayan girbi, domin a kansa tsatsa ke jiran baɗi. Malamin gona ya sami man babur da zai kai shi garake cikin Janairu da Fabrairu. In ya ga tsatsa bisa irin da aka ce yana da juriya, wannan babban labari ne: a tsinki ganyen, a busar da shi cikin takarda ba cikin leda ba, a rubuta sunan iri da wuri da rana, a aika wa ma'aikatar kare tsirrai da INRAN. Akwai ɗakunan bincike, kamar na jami'ar Arhus a Danmak, waɗanda aikinsu ke nan tantance dangin cutar.

Mutanen Keita da Buza da Madawa, mafi yawansu mata a wuraren aikin, da hannayensu suka jera duwatsu suka mai da fako gona. Ruwan da aka tare da wannan wahala bai kamata a yi caca da shi ba. Irin da ya fi kowane a bana a yi maraba da shi, amma kada a ba shi fadama duka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a harkar alkama tsagewar tana somawa ne ran da aka ce iri ɗaya ya ishi kowa.